Yadda Ake Fita Fatsar Tirawut A Kogi Tare Da Ɗan Jagora, Tun Daga Shiri A Nan Katsina

Jama'a assalamu alaikum. Tunda yanzu yaranmu na Katsina da Daura sun yawaita a waje, wasu karatu ya kai su Ingila, wasu aiki ko kasuwanci ya kai su Kenya da Afirka ta Kudu, ana yawan tambayata kan irin fatsar nan da ake yi da ƙwaron gashi, wato ƙugiya da aka naɗe da gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, wadda za ka ga mutum tsaye tsakiyar kogi yana kaɗa igiya bisa kanshi. Na daɗe ina yinta, yawanci a kogunan tsaunukan Aberdare na Kenya, shi yasa na ce bari in rubuta ma wanda bai taɓa riƙe sandar ba yadda abin yake daga farko.

Ka fara sanin cewa babu tirawut a ruwanmu. Kifi ne na ruwan sanyi mai gudu, ya fi walwala idan sanyin ruwa na tsakanin digiri 10 zuwa 16, da ya haura 20 ya fara galabaita, toh ka ga Zobe ko Ajiwa ko Sabke da bazara ba wurin zamanshi bane. Iri biyu za ka fi haɗuwa da su: mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗigen ja da baƙi wanda asalinshi Turai, da mai jan zane a gefen ciki wanda asalinshi yammacin Amurka ta Arewa. Ko a Kenya ma kawo shi aka yi, Bature Ewart Grogan ya shigo da ƙwanshi a 1905 aka zuba a kogin Gura. Amma koyon jifan igiya, wanda shi ne ke cinye ma sabon shiga ranarshi da kuɗinshi, wannan a gida za ka yi shi kafin ka hau jirgi.

KAYAN AIKI

Sanda: mai tsawon ƙafa 9, lamba 5. Ita ce ta kowa da kowa. In kogin ƙarami ne mai itatuwa sun rufe shi kamar yawancin na Kenya, mai ƙafa 7 ko 8 lamba 3 ta fi daɗin sarrafawa. Ka nemi mai rabuwa gida huɗu dan ta shiga akwati.

Ril, wato abin naɗe igiya, da igiyar kanta. Lambar igiya dole ta zo ɗaya da lambar sanda, kuma ka sayi mai tasowa bisa ruwa. A fatsar da muka sani ta gida dalma da tana ne ke jan zare su tafi da shi, a nan kuwa ƙwaron ba ya da nauyin komai, igiyar ce mai kauri da nauyi, ita ake jefawa ta ɗauki ƙwaron. In kuɗi sun yi kaɗan ka rage a ril, kada ka rage a igiya.

Lida: zare ne fari kamar na lailan, ƙafa 9, mai kauri daga wajen igiya yana sirancewa. A bakinshi ake ƙara tifet, zare mafi siranta da ake ɗaura ƙwaron a kai. Ka riƙe 4X da 5X, lamba na hawa zare na ƙara siranta.

Ƙwari: ƙugiya ce aka naɗe da gashin tsuntsu da zare ta yi kama da abin da kifin ke ci. Akwai mai tsayawa bisa ruwa irin Adams da Elk Hair Caddis, akwai mai nutsewa kamar tsutsar ruwa irin Pheasant Tail da Hare's Ear, sai mai kama da ɗan kifi irin Woolly Bugger. Girma 12 zuwa 16 ya ishe ka. Kada ka wahalar da kanka saye da yawa, jagora na da waɗanda kogin shi ke karɓa, kuma Kenya na cikin ƙasashen da suka fi ɗaura ƙwarin nan da hannu suna fitarwa duniya, can sun fi araha.

Sauran: wandon ruwa mai kaiwa ƙirji da bel ɗinshi, takalmin shiga ruwa, ƙaramar koma mai ragar roba, ɗan hantsaki na zare ƙugiya, abin yanke farce dan yanke zare, man shafa ma ƙwaro dan kada ya jiƙe, hula mai baki, rigar ruwa. Sai tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wannan kam ban yarda a shiga kogi babu shi ba, da shi kake hango kifi da duwatsun ƙasa kuma shi ke kare maka ido ranar da iska ta maido maka ƙugiya a fuska. In babu mai kashe ƙyalli ko wane tabarau ne ka saka.

Yawancin jagorori na bada aron sanda da wandon ruwa da takalmi cikin kuɗin fita. Dan haka in ba ka da komai kana iya zuwa hannu rabbana, abin da kawai nake so ka mallaka tun a gida shi ne sanda da igiya ko da masu araha ne, saboda atisaye.

1. KOYON JIFA A GIDA

Ka samu fili mai faɗi, filin ƙwallon makaranta ya yi, da sassafe bayan asuba kafin iska ta taso, musamman lokacin hunturu. Kada ka ɗaura ƙugiya, ɗan guntun ulu mai launi za ka ɗaura a bakin lida. Ka nemi inda ke da ciyawa, dan kwalta da tsakuwa na kankare fatar igiya cikin ƴan kwanaki. In rani ne ba ciyawa, ka ware igiya mai araha ta atisaye kaɗai.

Ka warware igiya kamar mita 8 a gabanka miƙe, bakin sanda a ƙasa, babban yatsa bisa mariƙi. Ka ɗaga a hankali kana ƙara sauri, da hannunka ya kai daidai kunne ka tsaya cak, sanda ta ɗan wuce tsaye kaɗan. Ka jira igiya ta miƙe a bayanka, waiwaya ka kalle ta ba laifi. Sannan ka kawo gaba da sauri mai ƙaruwa ka sake tsayawa cak daidai tsayin ido, igiya ta miƙe a iska, sai ka sauke sanda tare da ita. Duk wanda ya taɓa maƙala curin laka a bakin tsumagiya ya wurga dan korar tsuntsu a gona ya san sirrin, tsayawar nan ta farat ɗaya ita ke sakin lakar, ba ƙarfin damtse ba.

Kurakurai uku ne kullum. In ka ji igiya ta yi ƙara fyat a bayanka, ka yi gaggawar dawowa gaba, kuma da ƙwaro ne a jiki da ya tsinke ya tafi. In igiya na dukan ƙasa a baya, wuyan hannunka ne ke karyewa, ka cusa gindin sanda cikin hannun rigarka zai hana. In kana samun ƙulli a lida ba kai ka ƙulla ba, ƙarfi ka zuba da wuri.

Ka aje murfin tukunya a mita 8 zuwa 10 kana auna shi. Kada nisa ya ruɗe ka, yawancin kifin da za ka kama a kogi bai wuce wannan tazarar ba. Ka koyi kuma jifan mirgine, wanda ba a kai igiya baya: ka jawo sanda a hankali har igiya ta yi lanƙwasa a gefen kafaɗarka, sai ka buga gaba. Shi ne zai cece ka inda itace ke bayanka, amma fa bisa ruwa yake fita da kyau dan ruwan ne ke riƙe igiyar.

Idan hannu ya faɗa, ka je dam. Karfasa da kawara na karɓar ƙwaron gashi, balle farkon damina da shinge ke fita yana faɗawa ruwa. Ka fara gaida sarkin ruwa ka faɗa mashi abin da ya kawo ka, kuma ka tambayi mutanen wurin halin tsaro kafin ka kama hanya, musamman ɓangaren Jibiya da Dutsin-Ma.

2. ƘULLI GUDA BIYU

Na ɗaura ƙwaro: ka zira zare ta idon ƙugiya, ka naɗe bakin a jikin zaren sau 5 ko 6, ka maido shi ta ƙaramar ƙofar da ke jikin idon, sannan ta babbar ƙofar da ka yi yanzu, ka jiƙa da miyau ka ja a hankali. Na haɗa lida da tifet: ka jera su su haɗu kamar tsawon taƙi, ka yi da'ira da su tare, ka zira su ciki sau biyu ko uku, ka jiƙa, ka ja bakuna huɗun lokaci guda. Jiƙawar nan ba ado bace, busasshen zare na ɗaukar zafi wajen ja ya yi rauni. Ka yi ta yi a majalisa har yatsunka su haddace, dan a kogi da sanyi za ka yi shi.

3. NEMAN JAGORA DA ZAƁEN LOKACI

Ka faɗa mashi gaskiya cewa kai sabo ne. Ka tambaye shi mutum nawa yake ɗauka, mutum ɗaya ko biyu shi ne daidai, fiye da haka kallo kawai za ka yi. Ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da kaya da abinci da mota, da wanda zai yanko lasisi. Dokar ta bambanta: a Ingila sai da lasisin sanda na hukumar muhalli ga kuma izinin mai ruwan, a Sikotilan izinin mai ruwan ne abin nema, a Amurka kowace jiha da nata lasisin, a Kenya akwai lasisin kamun kifi sannan in cikin gandun dajin Aberdare ne da kuɗin shiga.

Lokaci: a Kenya ka kauce ma manyan ruwan sama na Maris zuwa Mayu da na Oktoba zuwa Disamba, kogi na cika ya yi jawur. Janairu da Fabrairu, ko Yuli zuwa Satumba sun fi. A Ingila daga wajen Afrilu zuwa Satumba ake yi, da sanyi ana rufe koguna dan kifi ya yi ƙwai. Daga Nairobi zuwa Nyeri, garin da ke kusa da tsaunukan Aberdare, kusan kilomita 150 ne, kuma ka tafi da katin allurar shawara.

Tun a waya ka faɗa mashi ba ka cin naman alade ba ka shan giya, kuma za ka tsaya sallah. Ban taɓa ganin jagoran da ya ɓata rai kan haka ba.

4. SAFIYAR FITA

Ka sa kaya hawa-hawa, ba na auduga ba dan auduga in ta jiƙe ba ta saurin bushewa. Kogunan Aberdare suna sama da mita 2,000 daga teku, sanyin safiyar wurin ya wuce hunturun da muka saba. Ka yi alwala kafin ka sa wandon ruwa, cire shi a bakin kogi aiki ne. Ka ɗaure bel ɗin tam, shi ke hana ruwa cika wandon in ka faɗi. Ka danne ƙayar ƙugiya da hantsaki ta kwanta, ta fi sauƙin fita daga bakin kifi, daga kunnenka ma haka. A cikin gandun dajin akwai ɓauna da giwa, in an haɗa ku da ma'aikaci mai bindiga ka tsaya inda ya ce.

5. KARANTA RUWA KAFIN JIFA

In kun isa kada ka yi tsalle ka faɗa ruwa. Ka tsaya daga baya ka yi kallo. Tirawut kanshi na fuskantar inda ruwa ke fitowa dan abinci daga can yake zuwa, shi yasa ake bin kogi daga ƙasa ana hawa, ka zo mashi ta baya. Yana son ya zauna inda ruwa ke da laushi amma kusa da mai gudu, abinci na wucewa ya ɗan leƙa ya cafke ya koma. Ka duba layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, bayan dutse da gabanshi, ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, da inda kumfa ta yi layi.

Jagora zai ɗago dutse daga ruwa ya juya maka cikinshi. Ka matso ka duba, za ka ga ƴan tsutsotsi baƙaƙe da ruwan ƙasa suna rarrafe, wasu da wutsiya uku sirara, wasu sun gina ma kansu ɗan kwaroro da ƙwayoyin yashi sun shige ciki. Abincin kifin kenan, kuma girmansu da launinsu za a duba a zaɓi ƙwaro. In kuna ganin zobba na tashi bisa ruwa kifi na cin na sama ne, a ɗaura mai tasowa. In shiru, a ɗaura mai nutsewa, dan mafi yawan cin shi a ƙasa yake yi.

Tafiya a hankali, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, kada ka sa farar riga. A cikin ruwa ka ba gudun gefenka, ƙafa ɗaya ta kafu kafin ka ɗaga ɗaya, kada ka gicciye ƙafafu, kuma a fitar farko kada ruwa ya wuce maka gwiwa. In ba sandar dogarawa ka sari reshe mai ƙwari.

6. TAFIYAR ƘWARO BISA RUWA

Nan ne aikin yake gaba ɗaya, kuma nan ne nake so ka kashe hankalinka. Ƙwaron gaske in ya faɗa ruwa tafiya yake daidai da gudun ruwan da yake kai. Naka kuwa ɗaure yake da igiya, igiyar kuma ta kwanta bisa ruwa kala-kala, wani na sauri wani na jan jiki. Da ruwan tsakiya ya ja cikin igiyar sai ƙwaronka ya fara gudu yana tsaga ruwa, kifi na ganin haka ya san ba abinci bane, ko da jifanka ya yi kyau ko da ƙwaron shi ne daidai.

Toh ga yadda ake yi. Ka jefa sama da inda kifin yake da kamar mita ɗaya ko biyu, ta ɗan gefe dan lida kaɗai ta bi ta kanshi ba igiya mai kauri ba. Da ta sauka ka sa igiyar ƙarƙashin manuniyar hannun da ke riƙe da sanda, ɗaya hannun na jawo rarar da ruwa ke maido maka, daidai da gudun ruwan, kada ka fi shi sauri kada ka bari ta taru a ƙafarka. In gefe ka jefa kuma ruwa mai sauri na tsakaninka da ƙwaro, ka ɗaga sanda ka juya cikin igiyar ka kwantar da shi ta sama, ba tare da ka motsa ƙwaron ba. Ka yi gyaran nan da wuri, tun igiya na sauka, in ka jira ta fara ja ka makara. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko kana daidai: ka zaɓi kumfa ko ɗan ganye kusa da ƙwaronka, in suna tafiya tare lafiya lau, in ya wuce su ko sun wuce shi akwai ja.

In abin ya ƙi, matso kusa. Ka rage igiya, ka ɗaga sanda sama yadda kusan lida kaɗai ke taɓa ruwa. Sabbin shiga sun fi kama kifi da haka sosai.

Ga mai nutsewa, jagora zai maƙala ɗan ulu ko ƙwallon alama a lida, nisan shi da ƙwaro kamar zurfin ruwan sau ɗaya da rabi. Idonka kan alamar. Ta tsaya, ta nutse, ta karkace, duk ka ɗaga. Sau da yawa dutse ne, ba komai, kifi na tofar da ƙwaron ƙarya cikin ƙiftawar ido dan haka ba a jira a tabbatar. In ba ka taɓa ƙasa ko sau ɗaya ba toh ba ka kai inda kifin yake ba, a ƙara nauyi.

Kuma ka rage kaɗa igiya a iska. Sau ɗaya ko biyu ka aje.

7. IN YA CAFKE

Mu da muka saba da tarwaɗa hannunmu na da fizga, a nan fizga tsinke tifet take. Ɗaga sanda kawai za ka yi kana danne igiya da yatsa. Ga ƙwaron sama ka bari ya rufe baki ya juya kai ƙasa tukun. Daga nan sanda ta zauna a lanƙwashe, in ya ruga ka sakar mashi igiya ta zame tsakanin yatsu, kada ka damƙe hannun ril. In ya nufi saiwa ko reshe ka kwantar da sanda gefe ka karkato kanshi. Kada kuma ka ja wasan ya yi tsawo har ya galabaita. Da kanshi ya ɗago bisa ruwa ka jawo shi zuwa koma, kan kifin ne ke fara shiga, kuma koma na jiranshi a ruwa ba a bin shi da ita.

8. SAKI KO RIƘEWA

Na san wannan na ba mutanenmu mamaki, a sha wahala a kama kifi a sake shi. Amma kogunan nan ƙanana ne, in kowa ya tafi da abin da ya kama shekara ɗaya ta isa a share su, kuma wurare da yawa doka ce. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi dan kada ka goge santsin da ke kare fatarshi, kada ka matse cikinshi, kada yatsa ya shiga wurin numfashinshi na gefen kai. Ka zare ƙugiya yana cikin koma cikin ruwa. In ya haɗiye ta can ciki ka yanke zaren kawai. Hoto daƙiƙa kaɗan, sannan ka riƙe shi a ruwa kanshi na fuskantar gudu har ya fizge da kanshi. In an yarda a riƙe ɗaya ko biyu, ka buge shi a ka nan take, ka fidda kayan ciki, ka aje a inuwa cikin ɗanyar ciyawa.

In kun ji tsawa ku fita daga ruwa ku kwantar da sanduna, irin abin da ake yin su da shi na ɗaukar lantarki. Haka in ruwa ya fara canza launi yana kawo ganye da ƙirare, an yi ruwa a sama kenan, ku haye gaɓa tun kafin ya ƙaru.

9. BAYAN AN TASHI

Ka ba jagora ihsani bayan kuɗin aikinshi, a Amurka al'adar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ce, a wasu wuraren abin da ya sauwaƙa. Ka tambaye shi abu ɗaya da ya ga ya fi kamata ka gyara, ka rubuta tare da sunan ƙwarin da suka yi aiki. Ka wanke takalmi da koma su bushe sarai kafin su shiga wani ruwan, dan ta jikinsu ake kwasar cututtukan kifi da gansakuka daga kogi zuwa kogi. In ka dawo gida ka goge igiya da tsumma da ruwan sabulu mara ƙarfi, kada ka bar ta a but ɗin mota cikin zafin Afrilu dan fatarta tsagewa take, ƙwarin kuma ka bari su sha iska su bushe sannan ka rufe su cikin gwangwani mai murfi saboda asu da kyankyaso na cin gashin.